Man shafawa na likita don kaushin rana a fata: tambayoyi da amsoshi

Akwai maganin da ya fi ba majiyyaci tsoro fiye da cutar da aka rubuta shi dominta. Mutum ya je asibiti da 'yan wurare masu kaushi a goshi ko a gefen kunne, ko zafi ba sa yi masa, likita ya rubuta masa man shafawa. Bayan kwana 10 ya duba madubi ya tarar fuska ta yi jawur, tana salewa, tana ɓawo. A nan da yawa suke jefar da man, su ce bai karɓe su ba, alhali kuwa aikin da aka sa shi ke nan yake yi. Wanda aka yi wa bayani tun kafin ya fara ya fi jurewa har ƙarshe, shi ya sa amsoshin nan suka fi daɗewa a kan wannan gaɓa.

Mene ne kaushin rana, kuma yaya ake gane shi?

A asibiti ana ce masa aktinik keratosis. Ɗan wuri ne a fata, yawanci bai kai faɗin santimita 1 ba, busasshe, mai ɓawo. Sau da yawa yatsa ke riga ido gano shi: ka shafa wurin sai ka ji yana karce ka kamar samfefar kafinta. Launinsa kan zama ja-ja, ko ruwan hoda, ko ruwan ƙasa. Ɓawon ya faɗi, bayan 'yan makonni ya sake fitowa a wuri ɗaya. Inda rana ke duka nan yake zama: goshi, hanci, kumatu, saman kunne, ƙeya, bayan hannu, damtse, leɓen ƙasa, da tsakar kai ga mai sanƙo.

Abin da ke kawo shi hasken rana ne mai ƙuna wanda ido ba ya gani, wato UV. Shekara da shekaru yana lalata DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da tsarin halitta, ta ƙwayoyin saman fata har wasunsu su fara hayayyafa ba bisa tsari ba. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani abinci ne ya jawo shi ba.

Ai mu baƙaƙen fata ne, rana ba ta yi mana komai. Wa abin ya shafa ke nan?

Gaskiya ne baƙar fata tana da sinadarin melanin mai yawa wanda ke tare mafi yawan wannan haske, don haka kaushin rana ba safai yake fito wa baƙar fata ba. Inda ya fi yawa a duniya wajen Turawa ne da ke zaune a ƙasashe masu rana, musamman Ostireliya.

Amma a cikinmu akwai waɗanda abin ya fi shafa fiye da kowane Bature, su ne masu lalurar zabiya. A Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta mutum 1 cikin 5,000 zuwa 15,000 zabiya ne. Fatarsu ba ta da melanin ko tana da ɗan kaɗan, ga su kuma ƙarƙashin ranar Kano da Sakkwato da Damagaram, da yawa suna noma, ko talla, ko kiwo. Bature kan ga kaushin rana bayan ya haura 50 ko 60; zabiya kuwa tun yana matashi, wani tun kafin ya gama sakandare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha faɗa cewa a wasu ƙasashen Afirka kansar fata ce ke kashe mafi yawan zabiya tsakanin shekara 30 zuwa 40. Kuma akasarin wannan kansar daga irin wannan ɗan kaushin da ake rainawa take farawa.

Bayan su akwai waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan magungunan danne garkuwa, sai masu farar fata sosai. Masu shafa man bilicin na tsawon shekaru su ma suna rage wa kansu kariyar da Allah ya ba su. Likitocin fata a Dakar ta Senegal sun ba da rahoton kansar fata a jikin matan da suka daɗe suna shafawa.

Kansa ce ko ba kansa ba ce?

Ba kansa ba ce tukuna, matakin da ke gabanta ne. Lalatattun ƙwayoyin suna saman fata, ba su ratsa ciki ba. Idan suka ratsa, sun zama kansar fata da likitoci ke taƙaita sunanta da SCC, wadda ke iya cin nama ta bazu zuwa kaluluwa.

A binciken da aka yi a kan Turawa, damar da tabo ɗaya ke da ita ta rikiɗa a cikin shekara ba ta kai 1 cikin 100 ba, wasu ma da kansu suke ɓacewa. To amma mutum ba tabo ɗaya yake da shi ba, wani 20 ne, wani ba sa ƙirguwa, kuma babu likitan da zai duba ya ce wannan ne zai rikiɗa, wancan ba zai rikiɗa ba. Shi ya sa ake magance su duka. Ga zabiya kuwa ba a ma tsayawa wannan lissafi.

Me ya sa mai? Na ji ana ƙone su da sanyi.

Ana yi. Likita kan fesa ruwan nitrojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, a kan tabon na 'yan daƙiƙu, ya yi bororo ya faɗi. Idan tabon 2 ne ko 3, ko kuma masu kauri ne, wannan ya fi sauri. Sai dai abin da ido ya gani kaɗai yake kashewa. Ranar da ta ƙona wannan tabo ba shi kaɗai ta duka ba, duk goshin ta duka, kuma a kewayensa akwai lalatattun ƙwayoyin da ba su fito fili ba tukuna. Man shafawa shi ke bin dukkan filin, na sarari da na ɓoye. Sau da yawa ma ana haɗa su: a ƙone masu kauri, a bi saura da mai.

Waɗanne mayuka ne ake rubutawa?

Wanda ya fi daɗewa kuma aka fi samu shi ne fluorouracil, ana taƙaita shi 5-FU, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. A kasuwa Efudix ne ko Efudex. Asalinsa maganin kansa ne da Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka haɗa a Amurka a 1957, daga baya aka mayar da shi man shafawa. Yana hana ƙwayar halitta kwafar DNA ɗinta, don haka ƙwayoyin da ke gaggawar rarrabuwa su ne ke mutuwa, lafiyayyu kuwa su fi tsira. Ana shafa shi sau 1 ko 2 a rana, mako 2 zuwa 4. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Na biyu imiquimod, wato Aldara. Shi ba ya kashe ƙwaya da kansa, garkuwar jiki yake tasowa ta far wa wurin. A Turai sau 3 a mako ake shafa shi na mako 4, a huta mako 4, a duba ko sai an maimaita. A Amurka sau 2 a mako na mako 16. Wasu yakan sa musu kasala da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi.

Akwai diclofenac mai kashi 3 cikin 100, wato Solaraze, sau 2 a rana na kwana 60 zuwa 90. Ya fi sauƙi a fata, ya kuma fi rauni. Kada a rikita shi da man diclofenac na ciwon gaɓɓai da ake sayarwa ko'ina, ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba haɗinsu ɗaya ba. Sabon cikinsu tirbanibulin ne, Klisyri, wanda Amurka ta amince da shi a Disamban 2020: sau 1 a rana, kwana 5 kacal, a ɗan ƙaramin wuri, ga tsada. Wanda ake ce wa Picato kuma an janye shi daga kasuwar Turai a 2020 bayan an ga masu shafa shi sun fi samun kansar fata. Duk wanda ya miƙo maka shi, kada ka karɓa.

Wanne ya fi aiki?

An gwada wannan kai tsaye a ƙasar Holan, sakamakon ya fito a 2019. Majiyyata 624 aka raba gida huɗu, bayan wata 12 da gama magani aka ƙirga waɗanda aƙalla kashi 75 cikin 100 na tabonsu ya tafi. Masu 5-FU kusan kashi 75 cikin 100 sun kai wannan matsayi, masu imiquimod kusan 54, waɗanda aka yi wa maganin haske na asibiti, wato a shafa wani mai sannan a haska wurin da fitila ta musamman, kusan 38, masu Picato kusan 29. Tsohon magani mai araha shi ya zo na ɗaya. Wannan labari ne mai daɗi ga ƙasashenmu, domin shi ne wanda aljihun talaka zai fi iya kaiwa gare shi. Duk da haka likita na iya zaɓar wani saboda yanayinka, misali idan aikinka ba zai bar ka ka ɓuya mako 3 ba.

Yaya ake shafa shi daidai?

A wanke wurin da ruwa zalla, a goge a hankali, a jira kamar minti 10 ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi jan magani da raɗaɗi. A lakato kaɗan a kan yatsa, ko da safar hannu, a shafa siriri har ya ɓace. Ba a lafta shi. Yawa ba ya ƙara warkarwa, ƙuna kawai yake ƙarawa. A bi iyakar da likita ya nuna, in ya ce duk goshi to duk goshi, ba kan tabo kaɗai ba. A kauce wa ido da fatar ido, da cikin hanci, da baki, a kuma yi hankali da lungun gefen hanci da gefen baki, domin nan man ke taruwa ya ci fata. Leɓe sai in likita ne ya ce. Da an gama a wanke hannu da sabulu, ko da an sa safar hannu.

Ba a rufe wurin da filasta sai da umarni. Takardar Efudix ta kuma iyakance faɗin da za a shafa a lokaci ɗaya, kada ya wuce santimita 23 sau 23. Wanda fuska da wuya da hannuwa duk suka kamu, kashi-kashi ake yi masa. Idan an manta shafin safe, a ci gaba da na dare kawai, ba a ninkawa.

Me zan gani bayan na fara?

Da 5-FU, kwanakin farko shiru ne, har mutum ya fara zargin jabu aka sayar masa. Wajen ƙarshen makon farko tabon zai fara ja, da ɗan ƙaiƙayi, fata ta ɗaure. A mako na biyu jan ya bazu ya yi duhu, wurin ya ɗan kumbura, ya yi zafi, musamman in an yi gumi ko an shiga rana. Mako na uku shi ne mai wuya. Fata ta sale, wasu wuraren su zama ɗanye suna tsattsafo da ruwa, ɓawo ya taru, safiya ta yi ka ga tabon ruwa a jikin matashin kai. Murmushi ma sai ya ja fatar kumatu. Barci kan yi wuya, mutum ya zama mai saurin fushi, 'yan gida kuma kowa ya shigo sai ya yi salati ya ce a daina shafa wannan abu. A fatar zabiya jan ya fi fitowa fili, don haka ya fi tsorata mutane.

Wannan salewar ita ce alamar lalatattun ƙwayoyin sun mutu suna zubewa, kuma wajen nan ne likita kan ce a tsaya. Bayan an daina, kwana biyu ko uku abin na iya ƙara muni kafin ya juya. Cikin mako 2 ɓawon ya zube, sabuwar fata mai laushi, ruwan hoda, ta bayyana. Cikakkiyar warkewa kan ɗauki wata 1 zuwa 2.

Shawarar da na fi so a riƙe: a ɗauki hoton wurin da waya kafin a fara, a kuma zauna da miji ko mata ko iyaye a gaya musu abin da za su gani. In da hali a je da su wurin likita. Sau da yawa ba zafin ne ke sa a watsar da magani ba, maganar mutanen gida ce.

Wuraren da ban taɓa ganin komai ba su ma sun yi ja. Man ne ya ƙona ni?

Galibi a'a. Ɓoyayyun tabo ne man ya tono. Mutum ya fara da 5 da yake gani, mako na biyu ya ƙirga 30. Da ma suna nan. Yawan jan da ka yi gwargwadon ɓarnar da rana ta yi maka ne. Akwai kuma waɗanda jansu bai yi tsanani ba amma maganin ya yi aiki, don haka kada wanda bai sale sosai ba ya ƙara wa kansa kwanaki.

Yaya zan yi da alwala da azumi?

Ruwa zalla ba ya ɓata magani idan man ya sami awanni ya shiga. Tsarin da ya fi dacewa da mai salla shi ne a shafa bayan sallar Asuba, a sake bayan Isha'i. Kafin alwalar Azahar ya riga ya shige. Imiquimod kuwa awa 8 ake so ya yi a fata sannan a wanke, to daga bayan Isha'i zuwa alwalar Asuba ya yi daidai. A zuba ruwa a hankali, ba cuɗawa, a ɗan danna tawul mai tsabta maimakon gogewa. Idan wurin ya zama ɗanyen ciwo har ruwa na cutarwa, shari'a ta yi rangwame ga mai rauni, sai a tambayi malami yadda za a yi. Shafa mai a fata ba ya karya azumi.

Me zai rage raɗaɗin?

Basilin fari marar ƙamshi, a shafa kamar minti 20 bayan maganin, a kuma ci gaba da shi bayan an gama har fata ta haɗe. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora na 'yan mintoci. Farasitamol idan zafin ya hana barci. A bar sabulu mai ƙarfi, da soso, da turare, da hoda, da aske wurin. Kada a ɓantare ɓawo, ya faɗi da kansa.

Likita na iya ba da hutun kwana biyu, ko ya rage shafin zuwa sau 1, ko ya rubuta man sitiroyid mai rage kumburi na 'yan kwanaki bayan an gama. Wannan hukuncinsa ne. Abin da bai kamata ba shi ne a ruga kemis a sayo man nan mai haɗi uku da ake shafa wa kowane ƙurji, ko a barbaɗa garin kafso, ko toka, ko wani haɗin gargajiya a kan ɗanyar fata.

Yaushe ne abin ya wuce ƙa'ida, sai an koma asibiti?

Idan wurin ya fara mugunya mai wari, ko ja da zafi suna bazuwa nesa da inda aka shafa, ko zazzaɓi ya zo. Idan ido ya kumbura har ya rufe, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso a sauran jiki. Idan miki ya yi zurfi. Mafi gaggawa: ciwon ciki mai tsanani, amai, gudawa musamman da jini, gyambon baki, rawar sanyi. Wannan na iya nuna jikin mutum ba shi da isasshen sinadarin DPD da ke narkar da 5-FU, sai ɗan abin da ya shiga jini ya zama guba. Ba kasafai ake samun haka ba, amma idan ya faru a wanke man nan take, a tafi asibiti da kwalinsa a hannu.

Wa aka hana shafa shi?

Mai juna biyu ba ta shafa 5-FU ko kaɗan, yana iya cutar da ɗan tayi; haka mai shayarwa. Macen da ke iya ɗaukar ciki ta gaya wa likita gaskiya, su tsara tazara lokacin magani da wasu watanni bayansa, namiji ma ya tambaya. Wanda aka san yana da ƙarancin DPD, da mai shan brivudine, wani maganin cutar bairos, ba su shafa shi. Mai dashen ƙoda ko cutar da garkuwar jiki ke faɗa da jikin kansa ya yi hattara da imiquimod. Wanda asfirin ke tayar wa asma ya guji Solaraze.

Uwa ko kaka mai shafawa ta kula kada jariri ya goga fuskarsa a tata. A ajiye man inda yara ba sa kaiwa. Dabbobi ma: a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan karnuka sun mutu don sun tauna bututun 5-FU. Mai kare ko kyanwa a gida ya kiyaye.

In na gane kaushin da kaina, ba sai in saya a kemis in shafa ba?

A'a, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. Man yana aiki a saman fata ne kawai. Idan abin ya riga ya zama kansa ya yi saiwa, man na iya share samansa, wurin ya yi kamar ya warke, alhali tana ci ta ƙasa. Watannin da za a ɓata a haka su ne bambanci tsakanin ƙaramar tiyata ta minti 30 da yanke kunne.

Alamomin da ke cewa wannan ya wuce mai: tabo ya zama ƙullutu mai tauri, yana girma da sauri, yana zafi in an taɓa, yana zubar da jini, ya fito da tsini mai tauri, ko ya zama mikin da ya ƙi warkewa fiye da wata guda. Irin wannan sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Haka duk tabon da ya rage bayan an gama zagayen magani.

Ga baƙar fata kuma, kansar fata ta fi fitowa a tsohon gyambon ƙafa ko tabon ƙuna da ya shekara yana buɗewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa. Babu ɗayansu da wannan man zai yi wa amfani. Sannan makero da ƙyasbi da kirci duk suna da ɓawo, kowanne da maganinsa daban. Shafa musu 5-FU ƙona kai ne a banza. Idan likita ya rubuta, a saya a kantin magani mai rajista, a duba ranar ƙarewar aiki, a Najeriya a duba lambar NAFDAC. A gida a ajiye shi a wuri mai sanyi, ba cikin mota ko bakin taga ba. Efudix ba a son ya wuce digiri 30, Aldara 25, zafin bazara kuwa yana haura 40.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Lokacin da za ka iya zama a inuwa mako 4 zuwa 6. Man yana sa fata ta ƙara jin rana, gumi kuma yana ƙara raɗaɗi. Ga manomi, bayan kaka ya fi damina. Hunturu ya fi bazara, in dai an yawaita basilin saboda bushewa. Kada a fara ana saura mako 3 biki ko Salla. Amma in likita ya ce yanzu, to yanzu ne.

Zai bar mini tabo?

Yawanci a'a, da yawa ma fatarsu ta fi laushi fiye da da. Ja-jan na iya kai watanni kafin ya washe. Mai duhun fata wurin na iya yin baƙi ko haske na wani lokaci, imiquimod kuma wani lokaci canjin launinsa ba ya komawa. Tabo na gaske ya fi zuwa daga ɓantarar ɓawo, ko ƙwayar cuta da ta shiga, ko wuce kwanakin da aka ɗiba.

In na gama, na rabu da shi ke nan?

Ka share abin da ke nan ne, ɓarnar shekaru kuwa tana nan a fata, sababbi za su fito. An gwada wannan a kan tsofaffin sojojin Amurka 932, sakamakon ya fito a 2018: zagaye ɗaya na 5-FU a fuska da kunnuwa ya rage kansar SCC mai buƙatar tiyata da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko, amma da aka duba tsawon shekara 4 bambancin ya gushe. Ma'ana kariyar ta gaskiya ce, sai dai tana ƙarewa, don haka mai yawan kaushi zai maimaita lokaci-lokaci bisa shawarar likita. Zabiya ya kamata a duba masa fata daga kai har ƙafa duk wata 6.

Tsakanin zagaye da zagaye, aikin na inuwa ne da tufafi. Malafa mai faɗin baki ta fi hular kwano ko hana-salla, domin waɗannan ba sa rufe kunne da ƙeya, inda kansar ta fi kama zabiya. Rawani, hijabi mai kauri, riga mai dogon hannu wadda in ka ɗaga ta ga haske ba ka hango ta ciki. A guji rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Hazon hunturu da gajimare ba sa tare UV duka. Man kariya daga rana mai lamba SPF 50 a shafa duk safiya, har leɓe da kunne, a sake duk awa 2 in ana waje, da bayan alwala. Man kaɗanya yana laushin fata amma bai isa ya tare rana ba.

Ana kuma maganar ƙwayar nicotinamide, wani nau'in bitamin B3. A wani gwaji a Ostireliya a 2015, miligiram 500 sau 2 a rana ya rage sababbin kansar fata da kashi 23 cikin 100 ga waɗanda suka taɓa yin ta. Ga masu dashen gaɓa kuwa wani gwajin na baya bai nuna amfani ba. A tambayi likita kafin a fara.

Ɗana zabiya ne, yana da shekara 9, na ji kaushi a kunnensa. In shafa masa?

Kada ki shafa masa na wani. Ba a tsara waɗannan mayuka don yara ba, likitan fata ne zai duba ya zaɓi hanya, sau da yawa ƙonawa da sanyi. Abin da ke hannunki ya fi man ƙarfi: malafa tun yau, dogon hannu da dogon wando a kayan makaranta, ki je ki roƙi malamansa su cire shi daga tsayuwar rana da sharar fili, kada kuma a ɗora masa talla ko kiwo da tsakar rana. Idan lokacin koyon sana'a ya yi, a zaɓa masa ta cikin inuwa.

Ina za a je?

Asibitocin koyarwa suna da sashen fata: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma manyan asibitocin Yamai. Wanda ke ƙauye ya fara da asibitin da ke kusa, ya nemi takardar turawa zuwa likitan fata, ya faɗa musu a fili cewa tabon ya ƙi tafiya. Ƙungiyoyin zabiya, irin Gidauniyar Zabiya da Jake Epelle ya kafa a Najeriya a 2006, sukan san inda ake duba fata da raba man kariya, musamman wajen 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya. Ranar zuwa asibiti a tafi da duk mayukan da ake shafawa da magungunan da ake sha, a kuma nemi likita ya rubuta kwanan da za a daina shafawa da ranar dawowa a jikin kwalin.